Yadda za ku jawo 'yan fim su riƙa zuwa shutin a garinku

Kusan duk wata sai wani ya tare ni da maganar nan, ko a waya ko a wajen ɗaurin aure, da zarar an ce masa ai wane harkar nemo lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, yake yi wa 'yan fim. "Malam, garinmu fa akwai duwatsu, akwai dam, akwai tsohuwar ganuwa, wallahi in ka gani sai ka rantse ba ƙasar nan ba ce, me ya sa mutanenku ba sa zuwa?" Sai ya zaro waya ya hau nuna min hotuna, yawanci da la'asar sakaliya aka ɗauka rana ta yi ja, shi kuma yana tsaye a tsakiya ya tokare rabin dutsen da babbar riga. Wuraren kam suna da kyau, ban taɓa musawa ba. Amma bakina ya gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ne na ce bari dai in zauna in rubuta ta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai in tura masa ya karanta a nutse.

Kyan wuri ba shi ke kawo 'yan fim ba. Furodusa mutum ne da kuɗi ke tsiyaya daga aljihunsa tun daga asuba, ya kwaso mutum talatin ko arba'in, kowa sai ya ci sau uku ya samu wurin kwana, kamera da fitilu haya ce kullum ana ƙirga masa, janareta na shan mai, ga jaruma ta ce kwana uku kawai ta ba shi saboda wani aikin na jiranta a Kaduna. Abin da ke ransa shi ne, in na je garin nan sin nawa, wato fitowa nawa, zan ɗauka kafin magariba, kuma wa zai zo ya tsayar da ni. Garin da ya iya amsa masa wannan shi zai samu aikin, ko da dutsensa bai kama ƙafar naku ba.

Ku dubi Warzazat a Maroko, gari ne a bakin Sahara bayan duwatsun Atlas, amma manyan kamfanonin fim na Amurka da Turai sun mayar da shi kamar gidansu. Kusa da shi akwai wani tsohon ƙauye, Ait Ben Haddu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, nan aka ɗauki wani ɓangare na Gladiator da Game of Thrones. Ginin ƙasa ne fa jama'a, ɗan uwan irin wanda kakanninmu suka yi da tubali, wanda mu yanzu muke rushewa muna sa bulo muna murna an waye. To amma ba ginin kaɗai ya kai su ba. Tun 1983 aka buɗe situdiyon Atlas a Warzazat, akwai otal, akwai filin jirgi, akwai kafintoci da teloli da masu dawaki da suka saba da aikin fim har sun san abin da darakta ke nufi kafin ya gama magana, sannan gwamnatin ƙasar tana mayar wa kamfanin waje wani kaso na kuɗin da ya kashe a cikin ƙasar, a da kashi 20 ne, a 2022 aka ɗaga zuwa kashi 30, in dai aikin ya kai dirhami miliyan 10 da kwana 18 ana ɗauka.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda ya fi yi min ciwo. Labarin Sarauniya ta Lugu da ta yi fito-na-fito da sojojin Faransa a 1899, labarin ƙasar Hausa ne a Nijar, a can aka shirya ɗaukar fim ɗinsa, amma da al'amura suka cije tsakanin mai fim ɗin, Med Hondo, da hukumomi, sai ya tattara ya tafi Burkina Faso, fim ɗin ya fito a 1986 kuma ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1987. Labari naku, aikin da kuɗin cefanen na maƙwabta. Fim ɗin Timbuktu na 2014 ma ba a Timbuktu aka yi shi ba, a Walata ta Muritaniya aka ɗauka saboda rashin tsaro a Mali. Mu ma nan gida mun gani, lokacin da aka dakatar da shutin a Kano a 2007 na wasu watanni, ai mutane ba zama suka yi suna jira ba, Kaduna da Jos da Abuja suka nufa. Ɗan fim kamar ruwa yake, inda ya ga gangare nan yake bi.

To ta ina za ku fara? Ba ta Facebook ba. Ta gidan mai gari.

Wannan shi ne matakin da matasa suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake kashe magana tun kafin ta tashi. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar za ta gina ƙauyen fim a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji a jihar Kano, aikin naira biliyan 3, ba a yi nisa ba malamai da jama'a suka taso a mumbari da soshiyal midiya, gwamnati ta janye. Ni ba zan shiga wa ke da gaskiya ba a nan, abin lura kawai shi ne gwamnatin tarayya da kuɗinta da ikonta ba ta iya dasa harkar fim a wurin da ba a zauna da mutane tun farko ba, balle ku ƙungiyar cigaban gari mai mutum goma sha biyu da asusun da bai kai kuɗin tunkiya ba. Saboda haka ku sa manyan kaya, ku samu dattijo ɗaya a cikinku ya yi muku jagora, ku je wajen dagaci ko hakimi. Kar ku je da kalmar "za mu kawo 'yan fim", don abin da zai faɗo masa a rai rawa da waƙa ne a bakin dam. Ku ce ranka ya daɗe, baƙi muke so mu riƙa gayyatowa masu ɗaukar hoto, za su kama ɗakuna, su sayi abinci a wajen matan gari, su yi hayar dawaki da gidaje, kuma mun zo ne a gindaya musu sharaɗi tun kafin su zo. Kalmar sharaɗin nan ita ke kwantar wa manya da hankali. Daga nan sai liman, Allah gafarta malam shi ma a ba shi girmansa a ji ta bakinsa, in akwai Hisba a garin su ma a leƙa su, sai baturen 'yan sanda, sai shugaban 'yan sintiri.

Abin da aka yarda da shi a rubuta a takarda ɗaya, kar ta wuce shafi. Inda ba a yarda kamera ta shiga ba, kamar maƙabarta, harabar masallaci lokacin salla, cikin gidan da mai shi bai ba da izini ba, rafin da mata ke wanka ko wanki. Irin shigar da ba a yarda a yi yawo da ita cikin gari ba. Ko an yarda da ɗaukar waƙa, in an yarda a ina. Masaukin mata daban na maza daban. Ƙarfe nawa ake kashe janareta da dare. Kar ku ji tsoron cewa sharaɗi zai kori furodusa, wallahi ya fi son a gaya masa ba a rawa a nan tun yana Kano, da a ce ya zo ya kafa fitilu an yi wa jaruma kwalliya sannan wani ya fito da gora.

Na taɓa kai mutane wani ƙauye, ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu muna gaisawa. Mun gaida mai gari mun ba da goro, komai lafiya. Ƙarfe goma darakta ya ce ekshin, sai ga samari biyar a kan babura biyu, wai kuɗin ƙasa. Muka ce mun ga mai gari, suka ce mai gari daban matasa daban. Aka ba su. Sha biyu sai ga wani dattijo da fartanya a kafaɗa, gonar da muka ajiye mota tasa ce, kuma gaskiyarsa ne don ba wanda ya tambaye shi. Bayan azahar wasu samarin daban suka zo suka ce na safe ba 'yan unguwar nan ba ne, na tsallaken kwalbati ne. Ranar sin huɗu muka ɗauka cikin goma sha ɗaya da aka tsara, kuɗin da aka raba bai taka kara ya karya ba, amma yinin ya tafi. Furodusan nan har yau in an ambaci garin sai ya ce a canza magana, kuma ya gaya wa abokansa, don su 'yan fim bakinsu ɗaya ne, labarin gari mai wahala kafin sati ya zaga Zoo Road, titin da ofisoshinsu suke a Kano.

Maganin wannan shi ne mutum ɗaya, lamba ɗaya. Ku zaɓi ɗan gari wanda kowa ya sani, mai haƙuri, wanda wayarsa ba ta mutuwa kuma yana ɗagawa ko ƙarfe biyar na asuba ne, wanda zai iya shiga fada ya kuma iya zama a majalisar masu shayi. Shi furodusa zai kira, shi zai karɓi kuɗin da aka yanka, shi zai tsaya a lokeshan daga safe har a naɗe waya, duk wanda ya zo da magana a tura shi wajensa. A ƙasashen waje ofis guda ake buɗewa don wannan, da ma'aikata da shafin intanet, amma asalin aikin ofishin bai wuce abin da mutumin nan zai yi ba. Kar ku naɗa shi don ɗan wane ne, kuma a yanka masa ladansa a fili cikin kuɗin, in ba haka ba zai nemo ladan ta bayan gida. Kuɗin ma a rubuta: gida na yini nawa, doki nawa, fili nawa, mai gadin kaya da dare nawa, sannan a faɗi inda kason gari zai tafi, ko gyaran famfo ne ko allunan makaranta, don ranar da mutane suka fara cewa kwamiti na cin kuɗin 'yan fim, ranar samarin babura za su dawo.

Sai maganar hotuna, kuma nan zan ɗan daɗe don nan ake shirme.

Ku daina ɗaukar faɗuwar rana kawai. Zauna ka kalli kowane fim mai dogon zango da ake sakawa a YouTube ko Arewa24, ka ƙirga sin nawa aka yi a kan dutse, sin nawa aka yi a tsakar gida da falo da zaure da shago da ofis. Za ka ga dutsen bai fi na minti biyu ba, sauran duk rayuwar yau da kullum ce. Don haka kundinku ya ƙunshi gidan talaka mai tsakar gida da rijiya da turmi, gidan mai rufin asiri, gidan mai kuɗi mai get da falo babba, zaure mai daɓe, shagon tireda, kemis, tashar mota, aji a makaranta, ɗakin asibiti da za a iya ara ranar da ba mutane, wani ofis da za a iya mayar da shi caji ofis ko kotu, lungu mai tsawo, gindin bishiyar da ake zama. In duk waɗannan suna cikin tafiyar minti goma da juna, to kun fi mai dam ɗin da ba komai kusa da shi, saboda abin da ke cinye yini shi ne loda kaya a mota da saukewa.

In kuma Allah ya sa kuna da unguwa ko ƙauyen da har yanzu ginin ƙasa ne, soraye da zankwaye da azara, rumbuna, dangar kara, babu falwaya babu rufin kwano babu ƙarfen sabis a bayansa, to ku riƙe shi da kyau, zinare ne. Masu fim ɗin tarihi da na sarauta wahalar da suke sha kenan, duk inda mai kamera ya juya sai kwano ya ƙyalla ko waya ta ratsa sama, ko leda baƙa ta maƙale a ƙaya, a fim ɗin da aka ce zamanin kafin zuwan Turawa ne. Irin wannan wurin ku ɗauke shi ta kusurwa huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, don a ga abin da ke bayan mai ɗauka, ba gefen da ya fi kyau kaɗai ba.

Kowane wuri a ɗauke shi da safe, da tsakar rana, da yamma. A kwantar da waya a ɗauka a faɗi, ba a tsaye irin na TikTok ba, kuma dan Allah kar a sa filta, kar kowa ya shiga hoton sai dai mutum ɗaya daga nesa don a gane girman wurin. A ɗauka da damina a sake ɗauka da rani, don wurin da yake kore shar a Agusta, a Maris jan fili ne, kuma wanda ya ga hoton damina ya zo da bazara zai ce kun yaudare shi. A rubuta a ƙasan hoto watan da aka ɗauka. Lokacin hunturu kuma a faɗi gaskiya, daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da hazo zai rufe dutsen nan gaba ɗaya, wani daraktan hazon yake nema wani kuma gudunsa yake. A haɗa da alamar wurin ta Google Maps, nisansa daga kwalta, ko bas mai cin mutum goma sha takwas za ta iya shiga, ko hanyar na yankewa in an yi ruwa.

Ga wata dabara da ba kowa ke yi ba: a kowane wuri ka tsaya shiru ka ɗauki bidiyo na minti ɗaya, ba magana, don a ji ƙarar wurin. Mai ɗaukar sauti zai sa maka albarka. Gida ne mai kyau amma bayan katangarsa injin markaɗe ne da ke tashi tun bakwai na safe, ko makarantar allo, ko mai walda, ko titin da 'yan acaɓa ke gudu, to wannan gidan ba zai yi ba sai an yi magana da mai injin an biya shi ya huta na awa uku. Ku rubuta ranar kasuwar garinku, don ranar ba a shutin a cikin gari sai dai in kasuwar ake so. Lokutan kiran salla dama kowa ya sani ana tsayawa, wannan ba matsala ba ce, hutu ne.

Masauki da abinci kuwa kar ku raina su, su ne ma inda garin zai fi samu. Ɗakuna nawa ne a garin da baƙo zai iya kwana, da banɗaki mai ruwa? Ku je ku ƙirga da kanku, ku buɗe famfo ku gani, kar ku yarda da "akwai" ta baki. In babu otal, akwai gidan saukar baƙi na ƙaramar hukuma da ƙila an kulle shi shekara da shekaru jemagu na kwana, akwai gidajen 'yan gari mazauna Abuja da ba sa zuwa sai da Salla. Mata biyu ko uku da za su iya dafa wa mutum arba'in a kan lokaci, ina nufin a kan lokaci, abincin rana ya iso ƙarfe ɗaya ba uku da rabi ba. Wurin da za a yi cajin batira cikin dare, mai gyaran janareta, inda ake samun mai, kemis ko asibiti mafi kusa, da layin wayar da ya fi kamawa a garin. Ku haɗa sunayen masu dawaki da kayan hawa, makaɗa, maharba, masu raƙuma in akwai, teloli, kafinta, da mutanen da ke son fitowa cikin taro a fim, maza da mata da tsofaffi, yara kuma sai da yardar iyaye.

Izinin hukuma ku san wane wuri na wa ne, don ba komai ke hannun hakimi ba. Gidajen tarihi irin Gidan Makama akwai hukumar da ke kula da su, Yankari na hannun gwamnatin jihar Bauchi, Gashaka Gumti na hukumar gandun daji ta ƙasa, madatsun ruwa irin Tiga su ma akwai masu su, fada kuma sai da izinin masarauta. A Kano akwai hukumar tace fina-finai tun 2001, masu fim sun san hanyarsu da ita, ku dai ku tambaya ko takardunsu sun cika. Jirgin ɗaukar hoto, wato dron, doka ta ce sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma ko da takarda kar a tashe shi kusa da bariki ko shingen sojoji, kuma a sanar da unguwa kafin ya tashi don yana leƙa tsakar gidajen mutane, wannan kaɗai ya isa ya tada rigima.

Tsaro, a faɗi gaskiya. In hanyarku ba a binta bayan la'asar ku ce ba a bi. In wani gefen dajin ba a shiga ku ce ba a shiga. Wurare da yawa masu kyau a Arewa yanzu ba mai kai ma'aikata can, kuma ba talla ce za ta gyara wannan ba. Wanda ya ɓoye, abu ya faru, ya rufe wa garinsu ƙofa har jikoki.

Yanzu sai talla. Kuskuren da ciyamomi ke yi shi ne a gayyato babban jarumi, a yi masa hawa, a ba shi kyauta, ya ɗau hoto ya sa a Instagram ya tafi, shi kenan an kashe kuɗi. Jarumi ba shi ke zaɓar lokeshan ba, sai in shi ne mai fim ɗin. Waɗanda za ku nema su ne furodusoshi, daraktoci, furodakshan manaja, masu ɗaukar hoto da irinmu masu yawon neman wuri. Ku ɗauki bas ɗaya ku kwaso mutum shida ko takwas daga cikinsu, ku zaga da su yini guda, su ci abincin matan nan, su leƙa ɗakunan, su gaisa da hakimi, ku bar su su yi ta tambaya. Kundin hotunan kuma ku mayar da shi fayil ɗaya mara nauyi da zai wuce ta WhatsApp, da lambar mutumin nan naku a shafin farko. Ku kai shi ofisoshin da ke Zoo Road a Kano, ku kai wa shugabannin MOPPAN, ƙungiyar masu shirya fim, na jiharku, in ana bikin fina-finai na Zuma a Abuja ko KILAF a Kano wani ya je da shi a waya. Hukumar fina-finai ta ƙasa hedikwatarta na Jos, tun 1979 aka kafa ta, kuma daga Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantarta, wato mutumin da ya san wahalar lokeshan a jikinsa, ba laifi ku aika musu da takarda. A Jos ɗin akwai makarantar koyon fim ta ƙasa, ɗalibanta kullum neman wurin da za su yi aikin kammala karatu suke ba su da kuɗi, ku buɗe musu ƙofa kyauta ko da rangwame, su ne daraktocin gobe, kuma da su za ku koyi aikin kafin manya su zo. Haka masu bidiyon waƙa, masu barkwanci, masu shirin gaskiya na talabijin, masu tallan kamfanoni, kar ku raina kowa.

Kuma ku fi sa ido kan masu dogon zango. Tunda kasuwar faifai ta mutu harkar ta koma YouTube da tashoshi, fim ɗaya sai ya yi zango biyar, shida, kuma in aka fara da gidan wane a matsayin gidan jarumi, dole a dawo gidan nan duk zango, ko mai kwantiniti, wato mai lura da kar wani abu ya saɓa da abin da aka ɗauka a baya, ba zai yarda a canza ba. Wannan ciniki ne na shekaru. Shi ya sa za ku ja kunnen mai gidan, kar ya ga fim ya karɓu ya ninka kuɗi sau uku, kuma kar ya sake fenti ko ya sare bishiyar tsakar gida bai faɗa ba.

Ƙaramar hukuma ba za ta iya mayar wa kowa kashi 30 irin na Maroko ba, kar ma ku ɓata bakinku. Amma ciyaman zai iya ba da gidan saukar baƙi kyauta, ya ba da aron bas, ya yafe kuɗin shiga wuraren da ke hannunsa, ya sa a kwashe sharar da ke gaban ganuwa, ya rubuta takarda ɗaya mai hatimi da za a nuna a shingen hanya. A wajen furodusa duk wannan kuɗi ne. Ku kuma abin da za ku nema a madadi, a rubuta shi kafin a kunna kamera: sunan garin ya fito a rubutun ƙarshen fim da godiya ga masarauta, in da hali a ambace shi a cikin labarin, a ɗauki 'yan gari aikin da za su iya, a bar yara biyu ko uku masu sha'awa su tsaya kusa da mai fitila da mai sauti suna koyo, a ba ku ɗan guntun bidiyon wuraren da aka ɗauka ku yi talla da shi. Ku karanta labarin ko a ba ku shi a taƙaice, don in garin 'yan fashi ne a fim ɗin gara a sa masa sunan ƙirƙira, kar ku wayi gari ana tsokanar 'ya'yanku a makaranta.

Ranar da za su tafi, mutumin naku ya zaga da furodakshan manaja gida-gida tun motoci ba su tashi ba. A biya kowa a gaban shaida, mai gida, mai doki, masu abinci, mai injin markaɗen da ya kashe injinsa. A duba ko an fasa wani abu, ko an buga ƙusa a bangon mutane, ko tayar mota ta taka shuka. Robobin ruwa da ledojin abinci a tsince su tas, wannan a sa shi cikin sharaɗi tun farko, kuma a riƙe wani abu cikin kuɗin ajiyar da furodusa ya bayar sai an gama. Bashin "za mu turo in mun isa Kano" kar a yarda da shi, ba don mutanen banza ba ne, aiki na gaba ne ke shan kansu su manta. Sannan a je a yi wa hakimi da liman sallama kamar yadda aka gaishe su da zuwa. Bayan sati ɗaya ku kira furodusan ku tambaye shi me ya ba shi wahala, ku rubuta a littafi, in ya ce ruwa ne bai isa masauki ba, to kafin baƙi na gaba ku tanadi mai kura biyu da za su riƙa kaiwa tun asuba.